Kunna inzim da kashe shi da haske: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi daga 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Makka, Jidda da Madina suka fito. Wasu na ɗalibai ne masu karatun likitanci, harhaɗa magunguna da ilimin halittu, wasu kuma na iyaye ne da suka ji 'ya'yansu na ambaton abin suna so su san inda aka dosa. Na iyayen sun fi wuyar amsawa, domin su ba a rufe musu baki da manyan kalmomi.

Kafin a kai ga haske, shi inzim ɗin mene ne?

Inzim abu ne da jikin mai rai ke ƙerawa don ya hanzarta aikin sinadarai wanda in an bar shi da kansa zai ɗauki kwanaki ko shekaru. Kusan dukkansu furotin ne. Inzim ba ya ƙarewa a cikin aikin: ya kama abu, ya sarrafa shi, ya sake shi, ya kama na gaba. Kun san aikinsa ko da ba ku san sunansa ba. Wanda ya tauna tamis ya daɗe bai haɗiye ba zai ji zaƙi-zaƙi, saboda amilas na cikin miyau ya fara mayar da sitaci sukari. Ganyen gwanda da ake naɗe nama da shi don ya yi laushi, da ruwan tumfafiya da ake daskarar da nono da shi a yi cuku, da tsiron dawa da mutanen Sudan ke yin hilu-mur da shi lokacin azumi, duk aikin inzim ne. Wani da ke cikin jininmu, mai kula da iskar kabon da muke fitarwa, yana iya sarrafa ƙwayoyi kusan miliyan 1 a daƙiƙa guda.

Furotin dogon zare ne da aka jera daga amino asid iri 20, ya naɗe kansa ya bar wani ɗan kogo inda aikin ke faruwa. In siffar kogon ta ɗan gurɗe, ko wani abu ya toshe bakinsa, aiki ya tsaya. Wannan fanni gaba ɗayansa a kan siffar nan aka gina shi.

To inzim yana ganin haske ne?

Yawanci a'a. Ku haska amilas ɗin miyau da tocila har batir ya ƙare, ba abin da zai canza. Furotin na gama-gari ba ya shan hasken da ido ke gani, wato mai tsawon zango tsakanin nanomita 400 da 700 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kuma tsawon zango ne ke bambanta launin haske). Abin da yake sha shi ne hasken UV, wanda ido ba ya gani, na wajen nanomita 280, wanda shi kuma lahani yake yi masa.

Saboda haka dole a sami ɗan tsakani: wata ƙaramar ƙwayar sinadari mai launi, wadda in haske ya faɗa mata za ta lanƙwashe, ko ta tsinke, ko ta manne da wani abu. Motsinta ne ke jan inzim ɗin ya buɗe ko ya rufe. Duk wanda ya ce muku haske na kunna inzim, ku tambaye shi wace ƙwaya ce ke karɓar hasken. In ya kasa amsawa, zance ya ƙare.

Mutane ne suka ƙirƙiro wannan, ko akwai shi a halitta?

Allah ya riga ya sanya shi a halittunsa, kuma da shi kuke karanta wannan rubutu. A bayan ido akwai furotin mai suna rodofsin, riƙe da wata ƙwaya da jiki ke samu daga bitamin A, sunanta retinal. A cikin duhu retinal a lanƙwashe take. Da haske ya same ta sai ta miƙe, cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa ba. Miƙewar ta sauya siffar rodofsin, shi ya taɓa wani furotin, wannan kuma ya saki inzim mai suna PDE6, wanda ke farfasa wani sinadarin saƙo da ake kira cGMP. Raguwar sinadarin ce ke sa tantanin ido (tantani a nan shi ne ƙaramar ƙwayar rai da ake gina jiki da ita) ya aika wa ƙwaƙwalwa labari. George Wald ya sami kyautar Nobel a 1967 a kan gano rawar bitamin A a gani. Wannan ne ma dalilin da ya sa ƙarancin bitamin A ke kawo dundumi.

Tsirrai sun fi mu amfani da dabarar. Inziman da ke ɗinka iskar kabon su mayar da ita sukari a cikin ganye, da dama daga cikinsu da rana kawai suke aiki. Haske na motsa lantarki a cikin ganyen, lantarkin ya bi ta wani ƙaramin furotin mai suna tiyoredoksin, shi kuma ya kwance wata mahaɗa ta sulfa da ta ɗaure inzim ɗin. Dare ya yi, mahaɗar ta koma, inzim ya kwanta. Akwai kuma fitokurom, furotin mai jin haske a tsirrai, wanda ya fi kowa kama da makunni na gaskiya. A 1952 Harry Borthwick da Sterling Hendricks da abokan aikinsu a Amurka suka nuna cewa irin latas yana tsira in an haska shi da jan haske na wajen nanomita 660, ya fasa in an bi shi da mai nanomita 730, wanda ido da ƙyar yake gani. Suka yi ta sauyawa, ja sannan wancan, wancan sannan ja, kuma kullum hasken ƙarshe ne ke yanke hukunci.

Akwai kuma wani rukunin inzimai, ƙalilan ne, waɗanda haske ne abincinsu a kowane zagaye na aiki. Fotolayis na gyara ɓarnar da rana ta yi wa DNA, sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, da shuɗin haske yake aiki. Aziz Sancar, ɗan asalin Mardin ta Turkiyya, ya shafe shekaru yana warware yadda yake aiki, ya kuma sami Nobel a 2015 a kan gyaran DNA. Bakteriya da tsirrai da kifaye suna da fotolayis. Mu mutane ba mu da mai aiki, wata hanya daban jikinmu ke bi.

Inzim da ba ruwansa da haske, ta yaya ake koya masa?

Hanyoyi uku ne manya, kuma mafi sauƙin fahimta a ɗauko takunkumin raƙumi. Raƙumi lafiyarsa ƙalau, haƙoransa na nan, amma ba zai ci ba sai an cire abin da ke bakinsa. Tambayar ita ce wane irin takunkumi, kuma ko za a iya mayar da shi.

Na farko shi ne wanda ake tsinkewa. Ana manna wa inzim, ko abin da inzim ke buƙata, wani ɓangaren sinadari da zai hana shi aiki, wanda hasken UV ke yanke shi. A 1978 Jack Kaplan da Bliss Forbush da Joseph Hoffman a Jami'ar Yale suka yi wa ATP haka. ATP shi ne makamashin da inzimai da yawa ke ci. Sai a zuba ɗaurarren ATP a gefen inzim, ba abin da ke motsi, a yi walƙiya ɗaya, aiki ya tashi nan take. Daga baya aka koyi saka ɗaurarren amino asid a tsakiyar kogon inzim ɗin kansa. Kyawun wannan hanya shi ne kafin haske inzim a kashe yake sosai. Aibinta shi ne ba a komawa: abin da aka tsinke ya tsinke.

Na biyu shi ne mai lanƙwasa, kuma sarkin wannan rukuni azobenzin ne, dangin sinadaran rini. Zobba biyu ne da gajeren haɗi na naitirojin biyu a tsakaninsu. A miƙe yake zaune. Hasken UV na wajen nanomita 365 ya lanƙwasa shi, tazarar bakinsa biyu ta ragu daga kusan nanomita 0.9 zuwa kusan 0.55, shuɗin haske ko ɗan lokaci a duhu ya sake miƙar da shi. G. S. Hartley ne ya gano lanƙwasasshiyar siffar a 1937. A ƙarshen shekarun 1960 Bernard Erlanger na Jami'ar Columbia ya haɗa azobenzin da ƙwayar da ke toshe kaimotiripsin, inzim mai narkar da furotin a hanji, ya nuna cewa siffa ɗaya ta fi ɗaya toshewa. Wato aikin ya girmi yawancin masu yinsa a yau. Ana kuma iya ɗaure bakin azobenzin biyu a wurare biyu na jikin inzim, in ya lanƙwashe ya ja su.

Na uku shi ne aro daga halitta, kuma shi ya fi yaɗuwa yanzu. Tsirrai na juyawa wajen haske ne da taimakon furotin mai suna fototirofin, wanda rukunin Winslow Briggs ya gano a 1997. A jikinsa akwai wani ɗan yanki, LOV, mai amino asid ɗari da 'yan kai, riƙe da ƙwayar da ta samo asali daga bitamin B2. Shuɗin haske ya sa ƙwayar ta manne da furotin ɗin, sai wata jela da ke naɗe a gefensa ta warware. A duhu, cikin kamar minti guda, ta koma yadda take. Sai masu bincike suka ce: a ɗinke ƙwayar gadon LOV, wato yankin DNA mai umarnin ƙera shi, da ta inzim ɗin da ake so, tantani ya ƙera su a haɗe. A 2009 ɗakin binciken Klaus Hahn a North Carolina ya haɗa LOV na hatsin ots da Rac1, furotin da ke sa tantani rarrafe. Suka riƙa haska gefe guda na tantani, shi kuma yana bin hasken. A 2012 Michael Lin a Stanford ya yi amfani da Dronpa, furotin mai ƙyalli da aka samo daga murjani: guda biyu a gefe da gefen inzim, su manne su rufe shi, haske mai nanomita 500 ya raba su, mai 400 ya sake haɗa su. A 2015 kuma Moritoshi Sato na Jami'ar Tokyo ya raba Cas9, almakashin DNA, gida biyu, ya sa shuɗin haske ne ke haɗa su.

Me ya sa sai haske? Ba ga magani ba, ga zafi?

Magani in an zuba shi ko'ina yake zuwa, kuma ba a iya kiransa ya dawo. Zafi kuwa ba ya zaɓe: duk furotin da ke wurin zai taɓa, in ya yi yawa ya dafa su dahuwar da ba ta warwarewa. Masu ciwon sukari da suka taɓa yin Hajji a lokacin zafi sun san dalilin da ake ce musu su adana insulin a cikin sanyi.

Haske ana iya tsuke shi a kan wurin da bai kai faɗin tantani ɗaya ba, a kunna shi a kashe cikin ƙiftawar ido, a ƙara shi a rage. Abin da wannan ke ba mai bincike shi ne damar tambayar da da ba ta yiwuwa. In ka cire ƙwayar gadon wani inzim daga ɓera tun yana ciki, ko ya mutu, ko jikinsa ya sami wata hanya ya rufe giɓin, ka tashi ba ka koyi komai ba. Amma in za ka kunna inzim ɗin na daƙiƙa 30 a tantani guda ka ga abin da ya biyo baya, ka kama sanadi da hannunka. An gano, misali, cewa tantani na iya bambanta saƙo mai zuwa a kai a kai da mai zuwa jefi-jefi, ko da inzim ɗaya ne ya kawo su. A ganina nan ne ribar fannin take a yau, a ɗakin bincike.

In an ce an kashe, kashewa ce ɗungurungum?

Da wuya, kuma wannan ce tambayar da ya kamata ɗalibi ya fara yi wa kowace takardar bincike. Kanun labari kan ce "an kashe", amma jadawali ya nuna an rage ne kawai. A 2008 aka haɗa LOV da wani inzim na bakteriya mai suna DHFR, bambancin duhu da haske bai wuce ninki 2 ba. Aiki ne mai daraja domin ya nuna hanya, amma ba wanda zai kira ninki 2 makunni. A 2009 Andreas Möglich da Keith Moffat a Chicago suka ƙera wani mai suna YF1 wanda haske ke rage aikinsa fiye da ninki 1,000. Tsakanin waɗannan biyu sauran suke, kuma mafi yawa sun fi kusa da na farko.

Dalilin yoyon guda biyu ne. Furotin ba ya tsayawa cik, kullum rawa yake yi, don haka ko a duhu jelar LOV kan ɗan buɗe ta koma. Azobenzin kuma siffofinsa biyu duk suna shan haske a zango masu kusanci, saboda haka da wuya fitila ta mayar da dukkan ƙwayoyin siffa ɗaya. In kashi 10 cikin 100 suka rage a siffa mai aiki, kuma inzim ɗin mai sauri ne, ragowar ta isa ta yi ɓarna.

Wata Hajiya a Makka ta ce: jikana yana da ƙarancin G6PD, likita ya hana shi cin ful. In ana kunna inzim da haske, ba za a kunna nasa ba?

Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya, amma a'a. G6PD inzim ne da ke kare jajayen ƙwayoyin jini. Ƙarancinsa gado ne, ya fi bayyana a maza, kuma yana da yawa a Afirka ta Yamma da gabashin Saudiyya, wajen Ƙaɗif da Ahsa. Matsalar jikanki ba wai inzim ɗin a kashe yake yana jiran mai kunnawa ba ce. Wanda jikinsa ke ƙerawa ne ba shi da ƙarko, yakan lalace kafin lokacinsa. Babu makunnin haske a jikinsa, kuma ba fitilar da za ta ƙara yawansa. A ci gaba da kiyaye abin da likita ya faɗa: ful, kafur ɗin da ake sa wa a cikin kaya, wasu magungunan zazzaɓin cizon sauro irin su firimakwin, da lalle ga jariri mai wannan larura. In idonsa ya yi rawaya ko fitsarinsa ya yi duhu, asibiti kai tsaye.

Abin mamaki, ga ɗalibai: tsirrai suna da nasu G6PD a cikin koren ganye, kuma shi haske kashe shi yake yi, ta hanyar tiyoredoksin ɗin da aka ambata. Da rana ganye na tara sukari, ba ya son mai ƙona shi ya tashi.

Yaushe za a ga wannan a asibiti?

Magunguna da yawa toshe inzim suke yi: asfirin, magungunan rage kitsen jini, da dama daga na hawan jini da na daji. Burin shi ne a yi maganin da zai zaga jiki a kashe, sai inda aka haska ya farka. A 2013 rukunin Ben Feringa a Groningen ta ƙasar Holan ya yi maganin kashe bakteriya mai azobenzin a jiki, wanda haske ke kunnawa, bayan 'yan sa'o'i ya mutu da kansa. Hikimar ita ce in ya fita ta fitsari ya shiga ruwan gari, ba zai koya wa bakteriya jure magani ba. A 2018 masu bincike a Barcelona suka yi wa metotireksat haka, maganin daji da cutar fata, wanda ke toshe DHFR na jikin mutum. Duka biyun a kwanon gwaji da ƙananan halittu suka tsaya.

Abin da ya kai ga ɗan Adam ta ido ya bi, domin ido ne gaɓar da haske ke shiga ba shamaki. A 2021 José-Alain Sahel da Botond Roska suka ba da rahoton wani mutum mai shekara 58 a Faransa, wanda cutar gado ta makantar, aka saka wa tantanin idonsa furotin mai jin haske daga gansakuka, aka ba shi tabarau na musamman, ya iya gano kofi da littafi a kan tebur. Ku lura, wannan furotin ƙofar gishirin lantarki ce a fatar tantani, ba inzim ba ne, kuma mutumin bai koma karatu ko gane fuskoki ba. Duk mai sayar muku da maganin inzim mai kunnuwa da haske a yau, kuɗinku yake so.

Haske na ratsa jiki kuwa? Mu da muke baƙaƙe fa?

Ku ɗora tocilar waya a tafin hannu cikin duhu: ja ne kawai zai fito ta baya. Jini da launin fata sun shanye shuɗi da kore. Shuɗin haske bai cika wuce milimita 1 a cikin nama ba, UV bai ma kai haka ba, ga shi yana lahani ga DNA. Wanda ke nisa shi ne mai nanomita 650 zuwa 900, shi ma santimita kaɗan ne. Matsalar ita ce azobenzin na asali UV yake so, LOV kuma shuɗi. Shi ya sa ake ta gyara azobenzin don ya ji ja, ake kuma komawa ga fitokurom na bakteriya, wanda ke amfani da bilibadin, sinadarin da jikinmu ke samarwa da kansa in tsohon jini ya rushe. Wasu kuma na zura siririn zaren gilashi ko dasa ƙaramar fitila a ciki.

Batun launin fata tambaya ce mai tushe. Melanin na shan haske, ya fi shan shuɗi, don haka adadin da zai isa ƙarƙashin baƙar fata bai kai na fara ba. An riga an ga illar sakaci da wannan: binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya nuna na'urar auna iskar oksijin da ake maƙalawa a yatsa ta fi kasa gano ƙarancin iska a baƙaƙen marasa lafiya. In maganin haske ya zo, wajibi ne a gwada shi a kan fata irin tamu, kuma ɗalibanmu ne ya kamata su riƙa ɗaga wannan magana a ɗakin taro. Ga gaɓoɓin ciki da ake kai wa haske ta bututu, launin fata ba ya shiga lissafi.

Shuɗiyar fitilar da ake sa jarirai masu shawara a ƙarƙashinta, ita ce wannan?

'Yar'uwarta ce, amma ba inzim take taɓawa ba. Hantar jariri ba ta gama ƙera inzim ɗin da ke sarrafa bilirubin, sinadari mai launin rawaya, ba, sai ya taru ya rina fata. Shuɗin haske na lanƙwasa bilirubin ɗin kansa ya koma siffar da jiki zai iya fitarwa ba tare da jiran hanta ba. A wani asibiti a Essex ta Ingila aka lura da haka a shekarun 1950. Magani ne tabbatacce, kuma shanya jariri a ranar Makka ba madadinsa ba ne.

Su kuma na'urorin jan haske da ake tallatawa a intanet da shagunan kwalliya, masu cewa suna "farkar da inziman jiki", bayanin da suke dogara da shi hasashe ne da masana ke ta muhawara a kansa. Ba su da alaƙa da abin da ake bayani a nan, inda aka san ƙwayar da ke karɓar haske, aka san inda take zaune, aka kuma auna bambancin.

Ƙasar nan rana ta yi mata yawa. Ba za a yi masana'anta da wannan ba?

Ana tunaninsa. A 2017 masu bincike a kudancin Faransa suka gano wani inzim a cikin gansakukar Chlorella wanda da shuɗin haske yake cire kan kitse ya bar sinadari irin na man fetur da dizal. A 2018 kuma a Princeton aka yi yis wanda a haske yake girma, a duhu ya koma ƙera isobutanol, wani makamashi, ta yadda fitila ce ke gaya masa lokacin ci da lokacin aiki. Amma tukunyar masana'anta cike take da ruwa mai kauri, haske ba ya kai tsakiyarta. Inzim ɗin gansakukar kuma hasken da ke ciyar da shi yana lalata shi da wuri. Sannan rana duk launuka take zubowa a haɗe, mai kunnawa da mai kashewa lokaci guda, alhali makunni launi ɗaya yake so. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne rana ta ba da lantarki, lantarki ya kunna fitilun LED masu launin da ake buƙata.

Wannan ba taɓa halittar Allah ba ne?

Fatawa ta malamai ce. Abin da za mu iya kawowa shi ne, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, ta zauna a Makka a 1998, ta halatta amfani da ilimin sarrafa ƙwayoyin gado don rigakafi da magani, da sharaɗin kada cutarwar ta fi amfanin, ta kuma hana wasa da halittar ɗan Adam. Ya kamata mai tambaya ya bambanta wa malami hanyoyin: mai azobenzin magani ne kamar sauran magunguna, ba ya taɓa gado, mai LOV da Dronpa ne ke buƙatar saka sabuwar ƙwayar gado a tantani.

Yaya, ni ɗalibi ne a Jidda. In ina son shiga wannan fanni, daga ina zan fara?

Ƙanena, fara da abin da abokanka ke gudu: lissafin saurin inzim da kimiyyar sinadaran kabon. Wanda bai iya auna saurin inzim a duhu ba, ba zai iya cewa haske ya canza shi ba. Digiri na farko a Jami'ar Sarki Abdul'aziz ko Ummul Ƙura a fannin sinadaran halittu ya isa tushe. Jami'ar KAUST da ke Thuwal, kimanin kilomita 80 arewa da Jidda, wadda aka buɗe a 2009, ta karatun gaba da digiri ce, da Turanci ake koyarwa, kuma tana bakin Bahar Maliya, inda murjani da gansakuka masu furotin na haske suke. Ka koyi ɗan haɗa wayoyin lantarki ma, domin ɗakunan bincike da yawa da hannu suke haɗa allon LED ɗinsu.

In ka kai ga gwaji, ka saba da aiki a ƙarƙashin jar fitila da naɗe kwalabe da takardar alminiyam, tunda fitilar silin kaɗai ta isa ta kunna LOV kafin ka shirya. Kuma kowane gwaji ka ajiye tantanin da ba ka saka wa makunni ba, ka haska shi daidai da sauran. Shuɗin haske na ɗumama ruwan da tantani ke ciki, yana kuma sa bitamin B2 na cikin ruwan ya haifar da sinadarai masu cutarwa, har tantani ya sauya hali ba tare da inzim ɗinka ya yi komai ba. Ka rubuta ƙarfin hasken da ka yi amfani da shi a kan kowace murabba'in santimita, da tsawon lokacin, domin "na haska da shuɗi" ba zai ba wani damar maimaita aikinka ba.